Sarkin Tasha a Kan Ƙaramin Babur

A shekarar da sojoji suka koma bariki, zaɓe ya shiga kan kowa a Katsina. Mahauta suka yi nasu, masu sayar da hatsi suka yi nasu, har samarin ƙwallon unguwarmu, waɗanda ƙwallon ma ta aro ce, sai da suka zaɓi ciyaman da ma'aji. Mu ma 'yan kabu-kabu na tashar Ƙofar Guga muka ce ba za a bar mu a baya ba.

A lokacin ina koyarwa a firamare. In an tashi, sai in ci abinci, in sauya riga, in hau babur in nufi tasha neman na cefane har zuwa magariba. Tashar tamu ba wani abin a zo a gani ba ce: inuwar itacen bedi, benci biyu, sai teburin da ake sayar da baƙin mai da filogi. Mai teburin shi muke ce wa Sarkin Tasha, ko Sarki a taƙaice. Babu wanda ya naɗa shi. Shi ya fara kafe babur a wurin tun ba kowa, mu duka tarar da shi muka yi. In mutum biyu sun kaure a kan fasinja shi ke rabawa, in an kama babur ɗin wani shi ke zuwa ya yi ta ban haƙuri har a saki, in za mu jana'iza ko suna shi ke gaba muna biye. Ba ya samun komai a ciki sai girma, amma girman nan yana jin daɗinsa, ba ya ma ɓoyewa. Dogo ne mai faɗin ƙirji, ya ba hamsin baya, babur ɗinsa kuma baƙi ne ƙato, wanda in ya taso, tun kafin ka hango shi ka san mai zuwa.

Da aka sa ranar zaɓe, wani saurayi ya ce shi ma yana so. Jan babur gare shi sabo dal, wanda wani ɗan siyasa ya ba shi bayan kamfen, shi ya sa muke ce masa Mai Ja. Yana da baki, yana da fara'a, amma babu wanda ya zaci zai kai labari. A ganinmu zaɓen nan tabbatar da Sarki ne kawai, a tafa a watse.

Ana cikin haka, wata rana bayan la'asar muna zaune sai muka ji wata 'yar ƙara kamar ta keken ɗinki. Muka waiwaya. Sarki ne a kan wani ɗan ƙaramin babur shuɗi, irin wanda ba shi da tanki a gaba, wanda ake zura ƙafa ta tsakiya a zauna. Gwiwoyinsa sun kusa taɓa hannuwansa. Ya zo ya kafe shi daidai inda ya saba kafe baƙin, ya yi sallama, ya zauna a teburinsa yana kaɗe kwalabe.

Can wani ya daure ya ce, "Sarki, na Hajiya ne ka aro?"

"Nawa ne."

"Baƙin hwa? Shina wurin bakanike?"

"Na saida shi."

Babu wanda ya yi dariya a gabansa. Sai da ya tashi ya zagaya yin alwala, sannan aka rufu a kan ɗan babur ɗin. Wani ya ɗaga bayansa da hannu ɗaya. Wani ya matsa hon, ya yi wani ɗan kuka siriri, aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki.

Wanda bai zauna da masu babur ba zai ce meye abin magana a nan. To mu a lokacin da babur muke auna namiji. In ka tarar da ƙaramin babur a gabanka a titi, ba ka jiran ya ba ka hanya, hon za ka danna masa har ya sauka gefen kwata. A layin fetur, in ka sa tayarka gaban tasa babu mai ce maka don me. In ya yi maka hon ɗin gaisuwa, ɗaga haɓa kawai za ka yi. Akwai waɗanda muka yafe wa: ma'aikatan jinya mata, malaman makaranta mata, da tsofaffin akawu masu babbar riga waɗanda ƙafarsu ba ta iya tsallake tanki. Amma namiji mai lafiya ya ɗauki ƙafa ya je ya zaɓo wannan da kansa, sai mun samo masa cuta. Ko dai marowaci ne mai jin ciwon kowane ɗigon fetur, ko mijin-ta-ce ne da aka saya da sunansa don matar ta riƙa hawa, ko kuwa ya taɓa shan ƙasa zuciyarsa ta mutu. Ban taɓa jin wani a tashar nan ya ce wataƙila mutumin shi ya fi so ba.

Ni ma haka nake gani, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga ina muka samo wannan ma'auni ba. Fasinjoji ma sun koya daga gare mu. Na sha ganin mutum ya wuce ƙaramin babur da ke gabansa ya tsallaka titi ya hau babba, alhali inda za shi bai fi a taka da ƙafa ba. Sai da abin ya faɗo kan Sarki na fara mamaki, don duk cikin cututtukan nan ban ga wadda ta yi daidai da shi ba.

Mai Ja kuwa faɗuwa ta zo masa daidai. Bai taɓa zagin Sarki ba, ya fi ƙarfin wannan wautar. Tambaya kawai yake yi in an taru.

"Ni dai ku gaya mani, in an kama mashin ɗin wani, bisa wanga za a tahi karɓo shi? Ai su ma dariya za su yi."

Wata rana kuma ya ce, "In an yi rasuwa, shi a gaba mu a baya, ina jin sai sadakar ukku mu isa."

A yi ta dariya. Ina lura, duk wanda ya yi dariyar nan sau ɗaya, gobe za ka gan shi ya ɗan matsa kusa da bencin Mai Ja. Raina bai so ba, don ina son Sarki. Amma in faɗi gaskiya, abin da ya fi cina shi ne son sani. Ni mutum ne da in abu ya shige mini duhu, abinci ma ba ya yi mini daɗi.

Na fara da bakanike. Ya ce baƙin babur lafiyarsa ƙalau, wanda ya saye shi tsintuwa ya yi. Na dubi teburin Sarki, kaya sun ma ƙaru, ke nan ba talauci ba ne. Na tambayi matata, don ta san Hajiyarsa a wajen biki.

Ta ce, "Wace Hajiyar? Baiwar Allah da ko keke ba ta taɓa hawa ba? Ku dai maza, in an rasa na ɗora wa laifi sai mu."

Saura tsoro. Na ƙirƙiro wata ƙara da na ce ina ji a injina, na roƙe shi ya hau ya saurara mini. Ya tattare riga, ya buga kik sau ɗaya, ya fice. Yadda ya sha kwanar bakin ƙofa ya dawo, ni mai babur ɗin ban taɓa kwantar da shi haka ba. Ya sauko ya miƙo mini makulli ya ce babu abin da ke damunsa sai mai shi. Na lura bai saki kan babur ɗin nan da nan ba, sai da ya ɗan shafa tankin.

Da na ga duk hanyoyi sun toshe sai na tambaye shi kai tsaye.

Ya ce, "Malam, ka cika tambaya. 'Yan ajinka ba su ishe ka ba?"

Don haka na bi shi. Wata rana da azahar ya rufe tebur ya nufi gida cin abinci, na ba shi rata na bi baya. Gidan a Ƙofar Sauri yake, cikin wani lungu da ban taɓa shiga ba. Tun kafin ya kai bakin lungun na ga ya kashe babur. Ya sauka, ya riƙe shi ya fara turawa. Na kafe nawa wajen wani mai shago na bi da ƙafa.

Lungun siriri ne, ga rairayi mai cin ƙafa, ga shi yana hawa sama. Ba nisa da shiga, a jikin wani tsohon zaure, wani dattijo na zaune bisa tabarma ya jingina da bango, fari tas da furfura, da wasu tsofaffi biyu a gefensa. Sarki ya jingine babur, ya cire takalma, ya durƙusa nesa da tabarmar. Gaisuwa suka yi mai tsawo, ta gida da gajiya da rana da kasuwa, kansa na sunkuye. Dattijon na amsawa yana kallon wani wuri daban, a nan na gane ba ya gani. Da aka gama, Sarki ya ɗauki takalmansa a hannu, sai da ya yi 'yar tafiya ya saka, ya ci gaba da tura babur har can ƙarshen lungu. Bai tayar da shi ba ko da ya sha kwana.

Na tsaya jiransa a bakin titi. Da ya fito, yana turawa kamar yadda ya shiga, ya gan ni, ya girgiza kai.

"Na san sai ka zo."

Muka zauna a kan wani dakali. Ya ce dattijon surukinsa ne, mahaifin Hajiya. Da can baduku ne a kasuwa, tun safe ya fita sai magariba, don haka sau ɗaya a yini suke haɗuwa, wata ran ma ba sa haɗuwa. Da idonsa ya tafi, sai ya shige ɗaki ya ƙi fitowa, ya rage cin abinci, ya daina magana. Da ƙyar da lallashi aka samu ya fara zama ƙofar gida, abokansa suka riƙa zuwa taya shi hira, har ya dawo yana dariya. Yanzu tun hantsi yana nan har isha'i. Lungun kuma ba ya ɓullewa, duk shiga da fita sai ta gabansa.

Na ce, "To ai ba shi gani, Sarki."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Shina ji. Ko ba shi ji, ni ina gani. In wuce surukina bisa mashin, shina zaune ƙasa?"

Ya ce ya yi ta tura baƙin nan cikin rairayi, safe da rana da yamma, har wata rana ya rinjaye shi suka zube tare a gaban tsofaffin. Daga nan ƙugunsa ya fara ciwo. Ya gwada barinsa a bakin titi, aka kwance masa madubi. Ya ce da ya zauna ya duba, abu biyu ne: ko ya riƙa wucewa a kai kamar yadda yaran yanzu ke yi, su ɗan rage gudu su ɗaga hannu, ko ya nemi wanda zai iya turawa.

Wani daɗi ya kama ni, irin na wanda ya warware lissafin da ya daɗe yana ba shi wuya. Na ce ai shi ke nan, zaɓe ya ƙare. In na faɗi wannan a tasha, Mai Ja da kansa zai ji kunya. Dukanmu muna da surukai, babu wanda zai ji labarin nan bai sunkuyar da kai ba.

Ya kama hannuna ya matse. "Malam, bakin ɗan kabu-kabu ka sani. Abin da aka hwaɗa tasha da la'asar, kahin magariba ya zagaye gari. In ya kai kunnen tsohon ga cewa saboda zamanshi na rabu da mashin, gobe ba shi hitowa. Ɗaki zai koma. Na roƙe ka don Allah."

Na ce, "Za ka sha kaye hwa."

Ya murza makulli a yatsa. Sannan ya ce, "Ina son kujerar nan, ba ni yi maka ƙarya."

Riƙe maganar nan ya fi mini bin diddiginta wuya. Kullum sai an yi ba'ar ɗan shuɗin babur, kullum maganar na zuwa mini har maƙogwaro ina haɗiyewa. Abin da na lura da shi a kwanakin shi ne idona ya sauya a titi. Duk namijin da na gani a kan ƙaramin babur sai in bi shi da kallo, ina tunanin ko shi kuma mene ne nasa. Na tsayar da wani mai kai burodi na tambaye shi, ya ce lungunan da yake shiga babba ba ya juyawa a ciki. Wani kuma, ma'aikacin gidan ruwa, ya ce shi tun da ya sayi ƙarami 'yan uwa suka daina zuwa aro, ya samu lafiya. Wani ya ce ina ruwana.

Ranar zaɓe ta zo. Ƙato-bayan-ƙato muka shirya yi, amma irin namu: kowane ɗan takara ya kafe babur ɗinsa, mai son sa ya kawo nasa ya jera a baya. Da da takarda aka yi a ɓoye, ina kyautata zaton da Sarki ya ci, don mutane da yawa ya yi musu rana. Amma a ce namiji ya turo ƙaton babur ɗinsa, a bainar jama'a, ya kafe shi a bayan wannan ɗan abin? Na ga wani da Sarki ya taɓa kwana yana zirga-zirga a kan an kama shi, ya nufo layinmu, ya dubi ɗan shuɗin, ya dubi jama'a, sai ya karkata kan babur ya yi wajen Mai Ja yana kallon ƙasa. Layin Mai Ja ya miƙe har ya fita daga inuwa. Namu, ni da wasu dattawa ne, ko ƙirga mu ba a tsaya yi ba.

Sarki ya je ya ba Mai Ja hannu, ya yi masa addu'a, ya koma teburinsa. Har wani ya zo sayen baƙin mai ya zuba masa. Amma bai ɗago ya dubi kowa ba. Na ji haushin tashar nan gaba ɗaya, na ji haushin alƙawarin da na ɗauka.

Da rana ta yi sanyi ya rufe tebur, na ce zan raka shi gida. Bai ce a'a ba. A bakin lungu ya kashe nasa, ni ma na kashe nawa, muka fara turawa. Ban taɓa sanin nauyin babur ɗina ba sai ran nan. Taya na nutsewa, ƙafa na zamewa, kafin mu kai zauren zufa ta jiƙa mini riga, numfashina na fita sama-sama. Muka jingine, muka cire takalma, muka durƙusa.

Bayan gaisuwa dattijon ya ce, "An ce yau kuke zaɓe."

"An yi lahiya, Baba. Yara sun amshi kujerar."

"To. Allah shi sa haka ya hi alheri." Ya ɗan karkata kai wajena. "Wane ne wanga ke haki haka?"

"Abokina ne, malamin makaranta."

Dattijon ya yi dariya. "Sannu Malam. Haka shi ma yake yi kwanan baya. In ya wuce ina jin numfashinshi har ya kai gida, kamar mai dakan gero. Abin ya dame ni. Har na ce ma abokaina, ni kam zan koma ciki da zama, kada in kashe ma ɗiyata miji." Ya shafa tabarmar da tafin hannu. "Sai kuma na ji ya bari. Yanzu in ya wuce, ko motsinshi da ƙyar nake ji. Na ce to alhamdulillahi, yaron ga ya ƙara lahiya, bari in yi zamana."

Tsofaffin da ke gefensa, waɗanda idonsu ƙalau yake, suka dubi ɗan shuɗin babur a jikin bango, suka dubi Sarki. Ni kuwa na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Sarki ya ce, "Na ƙara lahiya, Baba."

"Madalla. Ku shiga kada magariba ta riske ku."

Ya ɗauki takalmansa a hannu, ya kama kan babur ɗinsa ya yi gaba. Na tattara ƙarfina na bi shi a baya da nawa.